Gefen Hagu na Jirgin Sarki

A ƙasar dabbobin Gaɓa kowa ya san inda yake tsayawa. Sarki Zaki yana tsakiya, masu sarauta suna damansa. Hagunsa kuwa wurin masu kawo ƙara ne, da waɗanda ake tuhuma, da talakawa, waɗanda dama ba a cika wahalar da kai wajen bambanta su da masu laifi ba. Wannan al'ada ta girmi Sarkin kansa, kuma ba a wasa da ita. A zamanin kakansa an taɓa tuɓe wani Raƙumin Dawa daga sarautar Ciroma don kawai ya miƙa wuya zai cizgo ganye, kansa ya gifta ta hagun Sarki. Ya yi ta rantse-rantse cewa ƙafafunsa da gangar jikinsa duk suna dama. Majalisa ta ce ta ji, amma ai a ka ake naɗa rawani. Tun daga ranar basarake ya gwammace ya faɗa rijiya da ya tsinci kansa a hagu.

Teku ya shigo cikin ƙasar ya yi wani ƙaton lungu, ya raba ta biyu. Wannan gefen shi ne Tudu, inda fada take. Wancan gefen shi ne Tsallake, inda fadama take. In ka tsaya a bakin ruwa da safe kana hango koren Tsallake sarai, in iska ta kaɗo ma har ƙanshin ciyawar kana ji. Da bazara ta kama, Tudu ya bushe ƙurmus, sai masu cin ciyawa su ɗaura niyya su zagaye lungun da ƙafa, tafiya mai nisa ta cikin kurmi, su zauna can har ruwan sama ya sauka. Hanyar tana hannun Kura, Magajiyar Hanya, wadda aka danƙa wa amanar tsaron matafiya. Tana kuwa tsaronsu, don ba ta yarda kowa ya taɓa su sai ita.

Akwai wata akuya ana ce mata Tabawa. Ta sha haihuwa, ta kuma sha bin wannan hanya, amma ba ta taɓa isa Tsallake da duk 'ya'yan da ta baro Tudu da su ba. Bana 'ya ɗaya ta rage mata, Auta, 'yar ƙarama mai farin goshi wadda ko ƙaho bai fito mata ba. Tabawa ta ƙudura a ranta cewa wannan kam ba za ta bi kurmi ba, ko me za a yi. Saboda haka ranar zaman majalisa ta je ta durƙusa a hagu, inda ya dace da ita.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ban iya magana ba. Ga ciyawa can muna gani da idonmu, ruwa ne kaɗai tsakani. A taimake mu da jirgin fito, ko da na bazara ne kawai, mu riƙa ƙetarewa. Hanya ta cinye mini 'ya'ya, ɗaya ta rage. Ita nake so ta isa."

'Yan fada suka dubi juna. Ba a saba jin talaka ya zo da buƙata ya haɗa har da yadda za a biya ta ba, wannan aikin manya ne. Sarki ya yi hamma, abin da masana al'ada suka fassara da cewa ya ba da izinin muhawara.

Kura ta miƙe, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, zuciyata ta karye da jin wannan baiwar Allah. Ni ma uwa ce. Amma kada tausayi ya sa mu zubar da gādo. Kakannin akuyar nan wannan hanya suka bi, tafiyar ce ta ba su ƙarfin ƙafa. Batun cewa ana ɓata kuwa, ni da kaina na yi bincike. Na tsaya a ƙarshen hanya na tambayi duk wanda ya iso, ko an cinye shi. Ranka ya daɗe, ban sami ko ɗaya ba. Duk wanda na tambaya da ransa na same shi."

'Yan dama suka gyaɗa kai. Hujja ce mai ƙarfi, kuma mai ita tana da haƙora.

Sai Kada, Sarkin Ruwa, ya ja ciki ya matso. Shi da ƙyar yake zuwa fada, amma ranar har ya riga kowa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ina bayan akuya ɗari bisa ɗari. Har yaushe za mu zauna a baya? Duniya ta ci gaba, kowa ya koma ruwa. Abin kunya ne a ce ga lungu shimfiɗe, ni ina ciki ni kaɗai, ba mai ratsawa. A kawo jirgi, a cika shi maƙil, tsofaffi da yara, musamman yara. Game da haɗari kuma, tunda aka naɗa ni ba wanda ya taɓa faɗawa ruwa ya dawo ya kawo ƙarata."

Da ya gama, hawaye na bin kumatunsa don kishin ƙasa. Tabawa ta dubi mai adawa da ita, ta dubi mai goyon bayanta, ta jawo Auta ta sa ta tsakanin ƙafafunta.

Waziri Dila ne ya raba gardamar, kamar yadda ya saba. Dila bai taɓa cewa e ko a'a ba a rayuwarsa, shi ya sa ya ga bayan sarakuna da yawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duka biyun sun yi gaskiya. Abin da ya rage shi ne a san ko abin zai yiwu. A kafa kwamiti. Tunda ba wanda ya kai Magajiya sanin matafiya, ta shugabance shi. Tunda ba wanda ya kai Sarkin Ruwa sanin abin da ke faruwa da su a ruwa, ya zama mataimakinta."

Haka aka yi. Kwamitin duba yiwuwar fito ya zauna a gindin wata tsamiya, nesa da ruwa, don shugabar ba ta son laima. Aiki kam an yi shi. An tattauna launin rumfar da za a kafa wa Sarki a cikin jirgin. An tattauna wa zai fara shiga tsakanin Galadima Toron Giwa da Madaki Ɓauna, har aka kusa ba hammata iska. An ɗauki lokaci mai tsawo kan ko jirgi zai gaida Sarki ne ko Sarki zai sa masa albarka. An ci, an sha, an tashi, an sake zama. Duk wannan lokaci rana tana ƙara zafi, ciyawar Tudu tana ƙarewa, maƙwabtan Tabawa suna haƙura ɗaya bayan ɗaya suna kama hanyar kurmi. Ita ta ƙi tafiya. Tana tona saiwa da kofato tana ba Auta, haƙarƙarinta yana fitowa fili.

Da an bar wa Kura, da har damina ta sauka ana zama. Abin da ya ɓata mata lissafi zafi ne. Bazarar ta takura wa Sarki, gashin wuyansa ya dame shi, ya kasa barcin rana. Dila ya lura, ya raɗa masa cewa an ce iskar tsakiyar ruwa sanyi gare ta, kuma inuwar Tsallake ba irin ta nan ba ce. Washegari kwamiti ya gano cewa fito zai yiwu. Kura ta karanta sakamakon da bakinta, fuskarta a murtuke.

Aka sa birai suka sassaƙa jirgi, ƙato, mai faɗin da ba a taɓa gani ba, aka kafa rumfa ja a tsakiya. Ranar gwaji duk Tudu ya hallara a bakin ruwa. Kura ta aiko da uzuri cewa aikin hanya ya yi mata yawa. Kada ya fito da idanu kaɗai a saman ruwa, kusa da jirgin, wai yana duba lafiyarsa.

Sarki ya shiga ya zauna a tsakiya, yana fuskantar Tsallake. Galadima ya shiga ya tsaya a damansa. Madaki ta bi, Dorina ta bi, Damisa ta bi, kowa da girmansa, kowa ya nufi dama. Jirgi ya fara karkata. Ya ƙara karkata. Gefen hagu ya ɗaga sama fayau, gefen dama ya nutse har ruwa ya fara lasar ƙafar Galadima.

Kar ka ce ba su gane ba. Kowa ya gane, ai ba a buƙatar malami. Galadima ya ga ruwa a ƙafarsa, ya ga fili a hagu wanda zai ɗauki irinsa biyu, ya tuna da Raƙumin Dawa, ya dubi sama. Ya ce, "Madaki, ina ganin can ya fi iska. Ko za ki ɗan matsa?"

Madaki ta ce, "Haba Galadima, ina ni ina shiga gabanka? Kai ne babba, kai ya kamata ka sha iskar."

Ruwa ya kai wa Damisa ciki. Rumfa ta zame ta rufe wa Sarki ido ɗaya. Talakawa a bakin gaɓa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa, don dariya a gaban Sarki laifi ce.

Dila ya yi tsalle ya ce, "Na samo! Ranka ya daɗe, in ka juya ka fuskanci baya, damanka ta koma can, shi ke nan jirgi ya daidaita."

Sarki ya juya. Wayyo, da ma bai juya ba. Nan take manyan ƙasa suka ga sun zama 'yan hagu a tsaye, kowa ya ji rawaninsa na rawa. Suka kwasa a guje zuwa sabuwar dama, Galadima yana take wutsiyar Damisa, Dorina tana bangaje Madaki. Jirgi ya yi wani irin juyi ya kwanta ta ɗaya gefen, har ya fi na farko. Sarki ya riƙe sandar rumfa da farce, ya yi wata ƙara wadda daga baya maroƙa suka ce gurnani ce. Kada ya matso sosai, bakinsa a ɗan buɗe, don ya ba da taimako.

Da ƙyar aka fito da su. Nan a bakin ruwa majalisa ta yi zaman gaggawa, kowa yana ɗiga. Wani ya ce a zuba duwatsu a hagu. Galadima ya ce ina! Ba za a ce Sarki ya yi tafiya da duwatsu a matsayin 'yan rakiya ba, kuma wa zai yi ta ɗora su? Wani ya ce Sarki ya zauna a can ƙarshen hagu, kowa ya zama yana damansa, a bazu. Aka yi masa caa, wai so yake a ajiye Sarki a gefe kamar tulu. Ba wanda ya kawo maganar a sassauta al'ada, don ba mahaukaci a cikinsu.

Dila ya juya yana kallon taron talakawa, ramammu, sun yi cirko-cirko. Can sai fuskarsa ta washe. Ya hau kan wani dutse ya ɗaga murya.

"Jama'ar Tudu! Sarki ya ji kukanku. Ya ce ba zai iya shan iska shi kaɗai ba alhali talakawansa suna cikin rana. Saboda haka ya ba ku gefen hagu na jirginsa, gaba ɗaya, kyauta. Ba a taɓa yin sarki mai irin wannan tausayi ba. Masu nauyi su fara shiga."

Aka ɗauki guɗa. Jakuna suka shiga, tumaki suka shiga, da wasu tsofaffin shanu da suka kasa bin kurmi. Tabawa ta kutsa da Auta a gabanta, zuciyarta fal murna, tana ta sa wa Sarki albarka har muryarta ta dishe. Ana zuba su jirgi yana miƙewa, ana zuba su yana miƙewa, har ya zauna daram. Sai Dila ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka. Waɗanda suka rage a gaɓa aka ce su yi haƙuri, alherin Sarki ya cika.

Birai suka sa filafilai a ruwa suka fara tuƙi. Tafiya ta yi daɗi, ba za a ɓoye ba. Iska ta shiga gashin Sarki, ya lumshe ido. A hagu an matsu kamar an cusa kaya a buhu, amma ba mai ƙorafi, kowa idonsa na kan koren da ke matsowa. Auta ta ɗora haɓa a bakin jirgi ta ce, "Inna, duk wancan ci ake yi?"

Tabawa ta ce, "Duk ci ake yi, 'yar nan. Yau za ki ƙoshi."

Jirgi ya hau rairayin Tsallake ya tsaya cak. Manya suka sauka bisa tsari. Galadima ya sa hanci ya tumɓuke ciyawa dami guda, Madaki da Dorina suka bazu cikin fadama, Sarki ya miƙe a inuwa. Talakawa suka yunƙura za su bi, sai suka ga birai sun jeru a gabansu da filafilai a gicciye.

Dila ya ce, "Ina kuma za ku?"

Wani tsohon Jaki ya ce, "Ranka ya daɗe, sauka za mu yi. Ai mun iso."

Dila ya ce, "Kun iso, gaskiya ne, kuma za a shaida kun iso. To amma in kun sauka kun shige fadama, wa zai zauna a hagu in Sarki zai koma? So kuke ku kifar da shi? Ku da aka ɗauko kyauta? Kai, talaka bai iya godiya ba."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Waziri, don girman Allah. Ni na zauna, na yarda. 'Yar nan fa? Nauyinta nawa yake? Ko kaza ta fi ta. A bar ta ta sauka."

Dila ya ce, "Tabawa, ke ce fa kika roƙi jirgin nan, ga shi an yi miki. In na bar taki, tunkiya ta ce nata, saniya ta ce nata. Doka ba ta san ƙarami ba."

Ya juya ya tafi inuwa. Suka zauna a cikin jirgi, rana na dukansu, suna jin ƙarar taunar manya. Auta ta daina tambaya, ta kwanta, cikinta na kuka. Tabawa ta ji baƙin ciki irin wanda ko a kurmi ba ta taɓa ji ba, don a kurmi aƙalla ba a sa ta ta yi godiya.

Ta leƙa ta bakin jirgi. Ruwan wurin bai wuce gwiwa ba. Ta duba ta hango Kada can baya, ya gaji da bin jirgin da ya ƙi kifewa, yana shan rana. Ta lashi farin goshin 'yarta, ta ce mata a hankali, "Tashi tsaye. In kin taɓa ƙasa kada ki waiwayo. Ki shige ciyawa ki nemi awaki, ki ce ke 'yar Tabawa ce."

Kafin Auta ta ce wani abu, uwar ta sa kai ta tunkuɗa ta waje. Ruwa ya fantsama. 'Yar ta miƙe tana atishawa, ta ruga, birai suka kai mata duka suka sami iska, ciyawa ta haɗiye ta.

Aka yi ta hayaniya. Dila ya dawo a fusace, ya ce wannan zagon ƙasa ne ga sufurin ƙasa. Nan take aka kawo igiya aka ɗaure kowane ɗan hagu a jikin jirgi, don kare lafiyarsa. Jaki ya dubi Tabawa ya ce, "Kin ja mana." Ta ce, "Na ja." Ba ta ba shi haƙuri ba.

Haka fito ya kankama. Kullum Sarki da manyansa suna ƙetarewa shan iska su dawo, kullum 'yan hagu suna wurinsu a ɗaure, ana watsa musu ɗan abin da Galadima ya rage, don kada su rame jirgi ya karkata. Tunda gurbin hagu a cike yake, sauran masu cin ciyawa suka ci gaba da bin kurmi kamar dā. Kura ta zo fada da kanta ta janye adawarta, ta ce ta yi kuskure, ci gaba abu ne mai kyau. Kada ne kaɗai ya yi ƙorafi, ya ce an ɗaure fasinjoji tamau, ba a bar musu 'yancin faɗawa ba.

Da bazara ta zo ƙarshe aka yi babban taro a kan jirgin, a gaɓar Tsallake, don kada 'yan hagu su rasa halarta. Dila ya yi jawabi. Ya ce an tabbatar fito mai yiwuwa ne, har ya wuce yadda aka zata. Ya ce ba a taɓa tashi da gefen talakawa ba kowa ba, abin da ke nuna yadda suka rungumi shirin. Ya ce wadda ta kawo kukan da kanta ba ta taɓa fashin tafiya ko sau ɗaya ba, ta fi Sarki ma yawan ƙetarewa, saboda haka an naɗa ta Uwar Hagu, kuma za ta riƙe muƙamin har baɗi. Aka yi guɗa, aka ce ta yi godiya.

Tabawa ba ta ji ba. Idonta na kan gaɓa, inda wata budurwar akuya mai farin goshi, ta yi ɓul-ɓul, ƙahonta ya fara tsirowa, ta fito daga ciyawa kamar yadda take fitowa duk lokacin da jirgi ya iso. Ta zo har bakin ruwa tana kira, "Inna! Inna, yau za ki sauko?"

A ɗan nesa da ita, idanu biyu suka ɓullo a saman ruwa.

Uwar Hagu ta ja igiyarta har ta shaƙe ta, ta yi ihu a tsakiyar jawabin Waziri, "Koma cikin ciyawa! Na ce ki bar zuwa bakin ruwa!"

Auta ta juya ta shige. Dila ya ce wa majalisa wannan ita ce godiyar, a irin harshensu. Birai suka sa filafilai, jirgi ya juya ya nufi Tudu, a daidaice.